Mai Ɗaki Ya San Inda Yake Yoyo, To Wa Zai Gyara?

 

A wani taron asusu da muka halarta cikin garin Madawa bayan damina, an gama zubi, an ƙirga kuɗi, masu makulli suna shirin rufe akwati, sai wata ƴar ƙungiya ta ɗaga hannu tana neman rancen jika 45. Shugaba ta tambaye ta wace sana'a za ta sa kuɗin. Ta yi shiru, can ta ce: "Inna, ba sana'a ba ce. Ɗakinmu ne. Gara ta cinye azara biyu, bango ya tsage tun daga sama har ƙasa, kuma ɗiyana huɗu ciki suke kwana."

Gidan ba nata ba ne. Haya take yi, jika 10 a wata, yau shekara uku. Mijinta yana ci-rani a Libiya, aike sai an dace. Ta kai wa mai gidan kuka ya fi sau biyar, kullum amsa ɗaya ce: "Sai an saida albasa," ko "A bari sai bayan Salla."

Nan fa gardama ta tashi. Wasu suka ce a ba ta, rai ya fi kuɗi. Ma'ajiya ta ce: "In mun ba ta, ita za ta biya da guminta, har da abin da ake ɗorawa a kan rance. Ta gyara gidan wani, gobe ya ga ɗaki ya yi kyau ya ƙara mata haya, ko ya ce ɗansa zai yi aure ta fita. Wa ya ci riba?" Kowa ya ga gaskiyar ma'ajiya. Amma ba wadda ta yarda a ce an hana, yara kuma su sake shiga wata damina ƙarƙashin wannan rufin.

Mun san ba ita kaɗai ba ce. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo zancen a wannan fitowar.

Tsagar bango ba abin wasa ba ce

Ba mu manta daminar 2024 ba. Hukumomin Nijar sun ƙirga mutum kusan 400 da suka rasu, kuma ɓarnar ruwa ta shafi mutum wajen miliyan ɗaya da rabi. Da yawa daga cikin mamatan ba kogi ne ya ci su ba, ɗaki ne ya rufta musu. Tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya faɗi a farkon watan Satumba na wannan shekara, aka kuma ɗage komawa makaranta har ƙarshen Oktoba. Jahar Tawa ma ta sha nata rabon.

Ginin ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya, sai ya yi ta ba da sanarwa. Indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya kwanta bisa soro ya yi masa nauyi. Ruwan tsakar gida ya rasa hanya, ya zauna gindin bango yana cin sa daga ƙasa. Gara ta shiga azara, a waje kamar lafiya, ciki kuwa gari. In kin ga ƙasa tana zubowa daga rufi da dare, ko ƙofa ta fara cijewa ba ta rufuwa, ko tsaga tana ƙara buɗewa daga mako zuwa mako, to ɗakin ya gama yi miki magana. A wannan hali ba a jiran mai gida: a fitar da yara tukuna, ko wajen maƙwabta ne, sannan a zo zancen wa zai biya.

Akwai kuma cutar da ba ta da ƙara, wato laima. Ɗakin da bangonsa ke jiƙe kullum, yana wari, baƙi-baƙi ya fito a kusurwa, yana jawo wa yara tari da sarƙewar numfashi. Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ba. A garin Rochdale na Ingila, a watan Disamba 2020, wani yaro ɗan shekara biyu, iyayensa ƴan asalin Sudan, ya rasu saboda funfunar da ta cika gidan hayar da suke ciki, gida ne kuma irin wanda ake tanada wa masu ƙaramin ƙarfi. Mahaifinsa ya daɗe yana kai kuka ba a gyara ba. Rasuwarsa ce ta sa aka yi doka mai sunansa, dokar Awaab, wadda ta fara aiki a Oktoba 2025, ta kuma yanka wa masu irin waɗannan gidaje wa'adin da dole su zo su duba, su gyara. Ko a can, kukan ɗan haya shi kaɗai bai isa ba sai da aka tara murya.

Mi doka ta ce?

Mata da yawa suna ɗauka gyara alfarma ce mai gida yake yi. Ba haka ba ne. Nijar tana da dokar haya tun 1996, kuma ƙa'idar da ke cikin dokar zaman jama'a da ƙasarmu ke aiki da ita a fili take: mai gida ya miƙa gida cikin hali mai kyau, kuma manyan gyare-gyaren da suka zama dole lokacin da ake zaune ciki, nauyinsa ne. Rufi, azara, bango, katangar da ta tsufa, ramin bayan gida da ke shirin ruftawa, duk nasa ne. Ƙananan abubuwa na yau da kullum kuwa, kamar kwaɗon ƙofa, da abin da ke ko yaranki kuka ɓata da hannunku, naki ne. Share indararo da buɗe wa ruwa hanya, wannan ma bai kamata mu jira kowa ba.

Yawancinmu da baki muka kama haya. Rashin takarda bai sauke wa mai gida nauyinsa ba, amma yana sa shaida ta yi wuya ranar da aka musanta. Nan ne ƙungiya take da amfani.

Yadda matan Madawa suka yi

Ba su buɗe akwati ran nan ba. Abu na farko, an mayar da yaran kwana ɗakin wata ƴar ƙungiya da ke kusa. Na biyu, aka kira magini ya duba, ya faɗi abin da aikin zai ci: azara nawa, ƙasa amalanke nawa, siminti buhu nawa na gindin bango, kuɗin hannu nawa. Magatakardar ƙungiya ta rubuta, aka ɗauki hoton tsagar da salula.

Sannan mata uku suka shirya: shugaba, ma'ajiya, da wata dattijuwa da ta san uwargidan mai gidan. Ta wajen uwargida suka bi, aka sa musu lokaci bayan la'asar. Ba su je da faɗa ba. Bayan gaisuwa, shugaba ta ce: "Alhaji, dukiyarka muka zo tsare maka. In ɗakin nan ya faɗi, ba gyara za ka yi ba, sabon gini ne. In kuma ya faɗi bisa yara, Allah ya kiyaye, ba mu san abin da za mu ce da ubansu ba." Suka nuna masa hoto da lissafin magini.

Alhaji ya ce shi bai ƙi ba, hannunsa ne babu kuɗi sai albasa ta fito. Sai ma'ajiya ta kawo shawara: ƙungiya za ta ba da rancen, a yi aikin yanzu cikin rani, a riƙa cirewa daga kuɗin haya. Wata huɗu cur ba za ta biya shi ba, na biyar ta biya rabi, kuɗin kuwa su koma akwati. Kuma ba ƙarin haya, ba tashi, har shekara ta zagayo. Ya ɗan ja, ya ce magininsa ne zai yi aikin. Aka yarda. Ya kuma ƙi ɗaukar abin da ake ɗorawa a kan rance, ya ce shi bai ci bashin kowa ba. Nan ba a ci nasara ba. Ƙungiya ta ɗauke mata rabi daga asusun taimako, ita ta biya rabi.

Abin da ya ɗaure maganar shi ne, washegari aka je gaban mai unguwa, aka rubuta da Hausa, kowa ya dangwala hannu, da shaidu biyu. Takarda ɗaya wajen Alhaji, ɗaya wajenta, ɗaya cikin akwatin ƙungiya.

Kurakurai biyu da muka gani

A Buza, wata baiwar Allah ta gaji da alkawari, ta ce ba za ta ƙara biyan ko dala ba sai an gyara. Wata uku ta riƙe kuɗin, ta kuma kashe su a cefane. Da magana ta kai gaban manya, ba a tsaya kan yoyon ɗaki ba, aka tsaya kan bashin haya. Ita mai gaskiya ta koma mai laifi, ta fita da kayanta. Kada ki tsayar da haya da ra'ayin kanki. Ki ci gaba da biya, ki nemi shaida ko ɗan rubutu duk wata.

A Keita kuma, wata ta saida akuyarta ta sa kwano sabo, ba ta yi magana da kowa ba, tana cewa ai zai gani ya saka mata. Ya gani kuwa, ya yi godiya, ya ƙara jika 3 bisa haya. Da ta ce a cire mata kuɗinta, sai ya ce: "Na sa ki?" Kada ki sa ko tubali ɗaya a gidan haya sai an yi magana gaban shaidu kan yadda kuɗinki za su dawo.

In gidan hukuma ne fa?

Gidajen da ake ginawa don masu ƙaramin ƙarfi, irin na kamfanin SONUCI, a manyan birane suka fi yawa, musamman Yamai. A wajenmu, abin da muka fi sani shi ne gidajen ma'aikata: na malaman makaranta, na ma'aikatan gidan likita, ko ɗakuna da shaguna na ma'aikatar magajin gari. Wasu ƴan ƙungiyoyinmu suna zaune cikinsu. A nan wahalar dabam ce: babu Alhaji ɗaya da za a je a gaida, kowa sai ya ce ba shi ba ne.

Ofis ba ya jin maganar baki. A rubuta wasiƙa ga shugaban ma'aikatar da gidan ke hannunta, a faɗi abin da ya lalace da tun yaushe, a haɗa da hoto. A yi kwafi biyu, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata bisa naki. In gidaje da yawa ne suke da matsala, a sa hannu tare. Bayan mako biyu a koma da kwafin, in shiru a kai wa na sama da shi. Kuma a kai da wuri, domin kuɗin hukuma da tsarin shekara suke tafiya. Wasiƙar da ta iso watan Yuli ta makara.

In an ƙi sauraro

Daga mai unguwa sai fadar sarki, domin doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane, kuma ana iya rubuta abin da aka sasanta a kai. In can ma ya gagara, akwai gidan shari'a a Madawa da Buza da Keita. Akwai kuma hukumar ANAJJ da gwamnati ta kafa don ba talaka shawarar shari'a kyauta, tana da ofis a manyan kotuna kamar na Tawa da Ƙonni. Ki tafi da takardunki, da hotuna, da ƴar rakiya daga ƙungiya.

Aikin da muke ba kowace ƙungiya

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi a 1991, abin da ya ɗaukaka tafiyar har ta bazu ƙasashe shi ne amana da rubutu da shaidu. Su ne dai kayan aikin da ake buƙata a nan. A taronku na gaba, shugaba ta tambaya: su wa ke haya a cikinmu? Ɗakin wa ya zuba bana? A rubuta sunaye, a zaɓi mata uku masu sanyin baki da za su riƙa rakiya, a kuma sa doka cewa ba a ba da rancen gyaran gidan haya sai da takardar yarjejeniya.

A fara yanzu, tun rani, lokacin da ƙasa ke bushewa kuma magina ba su yi tsada ba. In hadari ya haɗo gabas, kowa zai ce a bari sai ruwa ya ɗauke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ƴan uwa. Wadda ƙungiyarta ta gwada wannan hanya, ta aiko mana da labari ta hannun mai kula da yankinku, ko an dace ko ba a dace ba, mu ƙaru da juna.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya kai mu damina lafiya.