Yadda Ake Ƙera Raket Ɗin Wasan Tanis Na Zamani

Har zuwa ƙarshen shekarun 1970, da katako ake yin akasarin raket ɗin da manyan 'yan wasan tanis ke riƙewa. A yau kusan duk raket ɗin gasa da zaren kabon ake yin sa, wanda ake haɗawa da wani danƙo mai suna ifoksi. Wannan haɗi ya fi katako ƙarfi, kuma bai kai shi nauyi ba.

Aikin yana farawa ne da shimfiɗun zaren kabon da aka riga aka jiƙa da danƙon. Ma'aikata na yanka su gunduwa-gunduwa, suna jera su ta fuskoki daban-daban. Zaren da aka miƙe a tsawon raket shi ke hana shi lanƙwashewa, wanda aka karkata da digiri 45 kuma yana hana shi murɗewa idan ƙwallo ta bugi gefe.

Daga nan sai a naɗe gutsattsarin da hannu a kan wani siririn bututun leda, a lanƙwasa shi ya ɗauki siffar raket, a sa a cikin mazubin ƙarfe. Ana zafafa mazubin zuwa kimanin digiri 150 a ma'aunin Selshiyos, tare da hura iska mai ƙarfi cikin bututun. Iskar na matse zaren a jikin mazubin har danƙon ya daskare, shi ya sa cikin raket yake fanko. Bayan haka ne ake huda ramukan tsirkiya, a goge, a yi fenti, a ɗaura mariƙi.

Akwai wata hanyar kuma. A farkon shekarun 1980 kamfanin Dunlop na Ingila ya fito da Max 200G, wanda ake yi ta hanyar ɗura narkakken nailan mai gajerun zaren kabon a mazubi. John McEnroe da Steffi Graf sun yi wasa da shi.

Dokar Hukumar Tanis ta Duniya ta hana tsawon raket ya wuce santimita 73.7. Galibin raket a ƙasar Sin ake ƙera su yanzu, ko da yake Yonex na yin manyan samfuransa a Japan.

Abin lura ga mai saye shi ne, ingancin raket yana cikin jerin zaren da fenti ya rufe. Na jabu kan yi kama da na asali a ido, amma idan aka rage zare ko aka bar kumfar iska a cikin danƙon, nan ne tsagewa ke farawa.