Ruwan da Ke Tashi Sama daga Dausayin Haɗeja da Nguru

Duk damina kogin Haɗeja da na Jama'are sukan tumbatsa su malale a fadamun Jigawa da Yobe, amma ba duka ruwan ke wuce Gashuwa ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi ba. Wani yakan nutse cikin ƙasa. Wani kuma, mai yawan gaske, sama yake tashi: rana na ƙafar da shi daga kududdufai da danyar ƙasa, tsirrai kuma na zuƙo shi ta saiwa suna fitarwa ta ganye. Ma'aunin da ake kafawa a gindin gada ba ya ganin wannan ruwa, alhali kaurin milimita ɗaya kacal in ya tashi daga hekta guda, lita 10,000 ke nan ta tafi.

To yaya za a auna abin da ido ba ya gani, a filin da mota ba ta shiga? Dabarar tana wurin duk wanda ya san randa. Ruwan randa na sanyi ne saboda wanda ke tsattsafowa ta jikinta yana kwashe zafi idan zai bushe. Haka ƙasa take: inda tururi ke tashi da yawa, wurin ya fi kewayensa sanyi. Taurarin ɗan'adam na Landsat 8 da Landsat 9, waɗanda Amurka ta harba a 2013 da 2021, suna ɗauke da na'urar da ke gane zafin doron ƙasa, kuma kowannensu yakan dawo kan wuri ɗaya bayan kwana 16. Masana sai su lissafa ƙarfin rana da ya sauka a fili, su cire abin da ya shige cikin ƙasa, su cire wanda ya ɗumama iska. Abin da ya rage shi ne ya tafi wajen mayar da ruwa tururi. A kan wannan lissafi aka gina tsarin SEBAL, wanda Wim Bastiaanssen na ƙasar Holan da abokan aikinsa suka wallafa a 1998, da ƙanensa METRIC na Jami'ar Idaho. A cikin hoto ɗaya akan zaɓi wuri mafi bushewa da wuri mafi laima, sai a auna sauran filin tsakanin su biyun.

Sai dai fadama ba ta ba da kai da sauƙi. Lokacin da ruwa ya fi cika, lokacin ne gajimare ke rufe ƙasa. Da an shiga hunturu kuma hazo ya karɓe. Na'urar zafi ta Landsat tana ganin fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100 a matsayin ɗigo ɗaya, ga shi a wannan ɗan fili ana iya samun shinkafa, da ruwa tsaye, da tudun yashi. Ruwa mai zurfi na ajiye zafin yini ya sake shi da dare, busasshiyar iskar Sahel kuma na ƙara wa dausayin ƙishi fiye da abin da rana kaɗai za ta yi. Shi ya sa alƙaluman sama ba sa tsayuwa da ƙafarsu sai an gwada su da na tashoshin yanayi a ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake fassara sakamakon. An daɗe ana kiran ruwan da ke tashi sama asara. Da wannan hujja aka fara haƙa mashigin Jonglei a 1978, don a kauce wa dausayin Sudd inda kusan rabin ruwan Farin Nilu ke ƙafewa, kafin yaƙi ya tsayar da aikin. Mu ma a nan, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da dausayin ta sauya. Amma ruwan da ya bi ta ganyen shinkafa da ciyawar kiwo ya yi aikinsa kafin ya tafi. Wanda ciyawar kacala ke sha, ita da ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki, shi ne asarar gaske, kuma taswirar tauraro na iya raba su biyun.

Hotunan Landsat kyauta ne, haka ma bayanan WaPOR na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya rage ga jami'o'inmu da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are su zauna a kansu kafin a sake yanke shawarar yawan ruwan da za a saki daga Tiga.