Nadezhda Popova da Mayun Dare na Tarayyar Sobiyet

Jirgin da Nadezhda Popova ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu da shi ba don yaƙi aka ƙera shi ba. Po-2 ne, na katako da yadi, jirgin koyon tuƙi. Babu rediyo a cikinsa, babu rufi a kan matuƙi, ga sanyin hunturun Rasha. Harsashi mai cin wuta guda ya isa ya tashe shi kamar bukkar ciyawa, kuma sai a 1944 aka soma bai wa matan da ke tuƙa shi laimar sauka.

Popova ta taso a Donetsk, ta fara koyon tuƙi tana da shekara 15 ba da sanin iyayenta ba. Da Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet a 1941, ɗan'uwanta Leonid ya mutu a fagen daga. A Oktoban shekarar ne fitacciyar matuƙiya Marina Raskova ta samu amincewar Stalin ta kafa rundunonin sama uku na mata. Aka horar da su a garin Engels, a bakin kogin Volga, Popova ta faɗa a runduna ta 588, ƙarƙashin Yevdokiya Bershanskaya.

Da dare suke aiki. Jirage biyu su yi gaba su ja hankalin fitilun Jamusawa da manyan bindigoginsu, na ukun ya rage ƙarar injin, ya sulalo a hankali, ya saki bama-bamai. Na ƙasa ba sa jin komai sai shuuu ɗin iska, shi ya sa suka laƙaba musu suna mayun dare. Da yake jirgin ba ya ɗaukar kaya da yawa, dole a dawo a yi lodi a sake tashi, har gari ya waye. Popova ta taɓa tashi sau 18 a dare ɗaya.

A ganina nan jarumtar take. Mace ta ga jirgin ƙawarta yana ci da wuta a sama, kamar daren 31 ga Yulin 1943 da aka harbo jirage 4 mata 8 suka rasu, amma gobe ta koma mazaunin tuƙi.

Popova ta kai farmaki sau 852, aka ba ta lambar Jarumar Tarayyar Sobiyet a 1945. A Oktoban shekarar aka rushe rundunar. Ta auri matuƙin jirgi Semyon Kharlamov, ta rasu a Mosko a 2013 tana da shekara 91.