Koyar da Saurin Sauyin Sinadarai da Harshen Hausa: Misali da Sandar Haske

1.0 Gabatarwa
Saurin sauyin sinadarai na daga cikin darussan kimiyya da ɗaliban babbar sakandare kan haddace ba tare da sun gani da ido ba. Wannan sashe zai nuna yadda malami a Minna zai koyar da shi da Hausa ta amfani da sandar haske, wato robar nan mai ƙyalli idan an lanƙwasa ta.

2.0 Bayani
A cikin sandar akwai siririyar kwalba mai ɗauke da haidirojin feroksaid. Idan aka lanƙwasa sandar, kwalbar kan fashe, ruwanta ya gauraya da sinadarin ogzalet da rini, sai kuzarin da ya fito ya zama haske ba tare da wuta ba. A shekarar 1889 Svante Arrhenius, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya bayyana cewa ƙwayoyin sinadari ba sa sauyawa sai sun sami wani adadin kuzari. Zafi kan ƙara yawan ƙwayoyin da suka kai wannan adadi. Saboda haka, a sauye-sauye da dama, ƙarin digiri 10 kan kusan ninka saurin. Wannan kintace ne, ba doka ba.

3.0 Gwaji
A lanƙwasa sanduna uku iri ɗaya lokaci guda, a tsoma su cikin ruwa mai digiri 10, da 30, da 50. Ta ruwan zafi za ta fi haske amma ta riga mutuwa; ta ruwan sanyi za ta dusashe amma ta daɗe. Ɗalibai sun san irin wannan a gida, domin fura ta fi saurin tsami da bazara.

4.0 Shawarwari
A Minna zafin rana kan wuce digiri 35 a watan Maris, ya sauka sosai da safiyar hunturu. Don haka ajin da bai rubuta zafin ruwansa ba, sakamakonsa ba zai kwatantu da na wani ba. Ya kamata manhaja ta wajabta ma'aunin zafi da agogo, ta kuma hana yanka sandar. Haka nan, a nemi haɗin kan malaman Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, wajen daidaita keɓaɓɓun kalmomin darasin kafin su shiga littattafai.