Bayan An Ajiye Alƙalami: Fargabar Ɗalibai Kan Makin Jarrabawar Kemistiri

Hausawa kan ce rashin sani ya fi dare duhu. Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili irin makonnin da ke tsakanin ranar da ɗaliban sakandare suka rubuta jarrabawar Kemistiri, wato ilmin sinadarai, da ranar da sakamako zai fito. A wannan tsakani ɗalibi ya riga ya yi iyakacin abin da zai iya, takardarsa ta bar hannunsa, amma hankalinsa bai kwanta ba. Dalili kuwa a bayyane yake: duk mai son karatun likitanci, ko haɗa magunguna, ko injiniyanci a jami'o'in Nijeriya, sai ya sami kiredit a Kemistiri. A tsarin Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, wadda aka kafa a 1952, daraja na farawa daga A1 zuwa F9, kuma C6 ce kiredit ta ƙarshe. Ke nan tsakanin C6 da D7 akwai burin shekaru da kuɗin iyaye.

Sai dai idan aka dubi al'amarin da idon kimiyya, za a ga cewa mafi yawan wannan fargaba tana tasowa ne daga makin da ɗalibi ya ba wa kansa a bakin ɗakin jarrabawa, kuma ma'aunin da yake amfani da shi a wurin ba abin dogaro ba ne.

Yadda aka kasa jarrabawar

Manhajar WAEC ta raba Kemistiri gida uku. Takarda ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi, ana amsa su cikin awa 1, maki 50. Ta biyu ta rubutu ce da lissafi, awa 2, maki 100. Ta uku ita ce ta ɗakin gwaje-gwaje, awa 2, maki 50. A cikin wannan ta uku akwai tambayoyi uku: ɗaya kan auna yawan sinadari, ɗaya kan gano irin sinadarin da ke cikin wani abu, ɗaya kuma kan sanin ayyukan ɗakin gwaji. Bisa wannan rabo, gwajin aiki gaba ɗayansa kashi ɗaya ne cikin huɗu, kuma tambayar auna sinadari wani yanki ne kawai daga cikinsa. Duk da haka ita ce ta fi hana ɗalibai barci.

Gwajin ɗigo da lambar da ke tayar da hankali

A wannan tambaya ɗalibi yakan ɗebi ruwan alkali da wani siririn bututu da ake kira fifet, ya zuba a kwalba, ya ɗiga masa sinadarin nuni irin su metil orenj, wanda yake rawaya a cikin alkali. Daga nan sai ya riƙa sakin asid kaɗan-kaɗan daga dogon bututu mai famfo da ake kira biyuret, mai cin mililita 50, har launin ya juya. Yawan asid ɗin da ya shiga shi ne lambar da zai rubuta, ya kuma maimaita aikin don ya ɗauki matsakaici.

Da an fito, tambayar farko ita ce: nawa ka samu? Wanda ya sami 19.20 ya ji abokinsa ya ce 24.00, sai gabansa ya faɗi. Alhali kuwa mai yiwuwa ne su biyun duk sun dace. Takardar tambaya ta yarda a yi amfani da fifet mai mililita 20 ko mai 25. Idan mililita 25 na alkali ya ci mililita 24.00 na asid, to mililita 20 na alkalin nan zai ci 19.20 daidai. Bambancin na bututu ne, ba na ƙwarewa ba.

Bugu da ƙari, kowace makaranta ita ke haɗa ruwan gwajinta bisa umurnin da hukuma ta aiko, saboda haka ƙarfin asid ɗin wata makaranta ba lalle ne ya zo daidai da na maƙwabciyarta ba. Don haka ne malamin Kemistiri na makarantar yakan yi gwajin da kansa, ya aika da lambar da ya samu, kuma da ita ake gwada lambar ɗalibansa. Babu wata lamba guda da ta hau kan ƙasa baki ɗaya. Haka kuma ba a neman dacewa ta ƙwaya da ƙwaya, domin kowane awo yana da ɗan sassauci. Ɗigo ɗaya daga biyuret kusan mililita 0.05 ne, kuma lambobi biyu da tazararsu ba ta wuce mililita 0.2 ba, wato kamar ɗigo huɗu, ana ɗaukarsu a matsayin masu jituwa.

Abin da mai duba takarda yake nema

Takardar zaɓi na'ura ce ke duba ta. Sauran biyun kuwa malamai ne, kuma kafin su fara sukan yi taron daidaita hannu ƙarƙashin manyan masu duba jarrabawa, inda ake bin jadawalin ba da maki dalla-dalla, sa'an nan shugabannin rukuni su riƙa sake duba wasu daga cikin takardun da aka yi wa maki. A tambayar lissafi ba a tara maki duka a kan amsar ƙarshe. Ana rarraba shi ne bisa matakai: rubuta ƙa'idar da ta dace, saka lambobi a gurabensu, fitar da amsa, da rubuta ma'auninta. Ɗalibin da ya bi hanya daidai ya yi tuntuɓe a ƙarshe ya rasa wani abu, amma bai rasa duka ba. Wanda kuwa ya rubuta amsa tsurarta ba tare da nuna aiki ba, ko ya manta da ma'auni, yana iya samun ƙasa da abin da yake zato. Kwatanta amsar ƙarshe a bakin ƙofa ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Sinadaran fargaba

Ita kanta fargabar al'amari ce ta sinadarai. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda sukan saki adirinalin da kotizol cikin jini. Adirinalin, wanda masanin Japan Jokichi Takamine ya tace a 1901, shi ke sa zuciya bugawa da sauri, tafin hannu ya yi gumi, baki ya bushe. Jiki ba ya bambance kura da takardar sakamako. Shiri iri ɗaya yake yi wa kowanne.

Bincike ya nuna cewa rashin tabbas ya fi mugun labari tayar da wannan shiri. A 2016 masana a Kwalejin Jami'a ta Landan suka sa mutane wasan kwamfuta na ɗaga duwatsu, inda duk wanda ya tarar da maciji yakan sha ɗan jan lantarki a hannu. Da aka auna gumi da buɗewar ƙwayar ido, sai aka ga damuwa ta fi tsanani a lokacin da yiwuwar jan lantarkin take rabi da rabi, fiye da lokacin da mutum ya tabbata zai sha. Ɗalibin da ke ganin yana kan iyakar C6 da D7 a irin wannan matsayi yake.

Tun a 1996 James Shepperd na Jami'ar Filorida a Amurka da abokan aikinsa suka gano wani abu makamancin haka: ɗalibai sukan rage makin da suke tsammani yayin da lokacin karɓar sakamako ke matsowa, har ƙiyasinsu ya koma ƙasa da abin da suka samu a zahiri. Ita ma Kate Sweeny ta Jami'ar Kalifoniya, wadda ta bi diddigin masu jiran sakamakon jarrabawar zama lauya, ta tarar cewa damuwa ta fi yawa a farkon jira da kuma dab da ƙarshensa. Ashe baƙin zaton da ke zuwa wa ɗalibi a daren fitowar sakamako garkuwa ce da zuciya ke ɗagawa, ba labari ne daga wurin masu duba takarda ba.

Abin da ya kamata a yi

Maganin farko yana hannun malamai. Kafin jarrabawa ya dace su nuna wa ɗalibai yadda ake rarraba maki, su ba su tsofaffin tambayoyi su duba wa juna mataki-mataki, su kuma karanta musu rahotannin manyan masu duba jarrabawa da WAEC ke fitarwa, inda ake zayyana kurakuran da suka fi yawa. Ɗalibin da ya san jadawalin maki ba zai firgita da lambar abokinsa ba.

Ga ɗalibai, barin tattauna amsoshi bayan fita ya fi alheri, musamman idan da sauran takardu a gaba. A lokacin jira kuma, aikin da ke ɗauke hankali gaba ɗaya, kamar koyon sana'a ko noma ko wasan ƙwallo, ya fi zaman ƙirga maki sauƙaƙa zuciya. Iyaye su ma su sassauta yawan tambaya, su kuma lura: idan rashin barci ko ƙin cin abinci ya daɗe, a kai yaro wurin likita. Idan ma sakamakon bai yi daɗi ba, hanya ba ta toshe ba, domin akwai jarrabawar NECO, wadda aka fara a 2000, akwai kuma zaman da WAEC ke shirya wa masu rubutawa da kansu.

Darasin gwajin ɗigo shi ne kada a yanke hukunci da awo ɗaya, kuma kada a gwada lambar wani bututu da ta wani. Ɗalibin da ya riƙe wannan ƙa'ida a ɗakin gwaji ya cancanci ya yi wa kansa adalci da ita har ranar da sakamako zai fito.