Ba a Zaɓen Bututun Tururi Da Ka

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya shiga masaƙun Kakuri a Kaduna, zamanin da suke aiki gadan-gadan, ya ga bututu naɗe da farin rufi suna ratsa saman ɗakuna. Tururi suke kaiwa daga tukunya zuwa wurin rini da wurin busar da yadi. Faɗin kowannensu da lissafi aka fitar da shi.

Abin da injiniya ke fara dubawa shi ne matsin tururin, domin tururi na kumbura ne idan matsi ya ragu. Kilo 1 na ruwa lita 1 ne tak, amma in ya zama tururi a buɗaɗɗiyar tukunya sai ya cika wajen lita 1,700. In aka matse shi zuwa awon bar 7, lita 240 kawai zai ci. Sannan akwai gudu: ƙa'idar da aka saba bi ita ce tururi ya yi mita 25 zuwa 40 a daƙiƙa.

To, a ce ma'aikata na bukatar kilo 3,000 a awa guda. A bar 7, bututu mai inci 4 ya wadatar. Da zarar matsin ya sauka zuwa bar 2, sai an nemi mai inci 6.

Jami'in sayayya da ya rage faɗi don tsimi, ya sayi wahala. Tururi zai riƙa gudun da ya wuce kima yana zaizaye gwiwoyin bututu, ya isa wurin aiki da raunin matsi. Mafi muni, ruwan da ya taru a ciki yakan dunƙule, tururi ya kwaso shi ya maka a kan kwana kamar guduma. Wannan na iya fasa ƙarfe, ya ƙone ma'aikaci. Shi ya sa ake karkata bututu mita 1 cikin kowace 100, a kuma sa mazurarar ruwa duk bayan mita 30 zuwa 50.

Wanda ya ƙara faɗi don gudun zargi shi ma bai tsira ba, sai dai tasa hasarar ba ta da kuka. Ƙarfe ya ƙaru, rufi ya ƙaru, zafi na tsiyayewa ta faffaɗan jiki dare da rana, kuɗin baƙin mai na hawa. Irin wannan ɓarna takan shekara ba a gano ta ba, domin mai binciken kuɗi rasit yake dubawa, ba ya hawa tsani ya auna bututu.