Me Ya Sa Tsohuwar Kwamfuta Ke Rikicewa Idan An Ƙara Mata Sauri?

Duk wanda ya taɓa shiga masaƙa a Bompai ko Sharada, a zamanin da masaƙun Kano ke tashe, ya ga yadda ƙoshiya ke ratsa tsakanin zarurruka daidai lokacin da suka buɗe mata. Da za a ƙara wa ƙoshiyar gudu ita kaɗai, sai ta iso hanya na rufe, zare ya tsinke, yadi ya ɓaci. Abin da ke samun mai son ƙara wa tsohuwar kwamfuta sauri ke nan.

A cikin kwamfuta akwai ɗan dutsen kiristal mai kaɗawa idan an ba shi lantarki. Shi ne makaɗin da sauran sassa ke taka rawarsa. Mu ɗauki IBM PC ta 1981. Dutsenta na bugawa sau miliyan 14.318 a daƙiƙa guda. Ana raba wannan gida uku, a ba ƙwaƙwalwarta, wato Intel 8088, miliyan 4.77, a raba gida huɗu domin launin hoton talabijin, a raba gida goma sha biyu domin ƙidayar lokaci. To, ka ga wanda ya sauya dutsen da mai sauri ya taɓa ukun duka: launi ya gushe, agogo ya riƙa wuce lokaci.

Babbar matsalar tana ma'ajiyar bayanai. Bugu ɗaya a miliyan 4.77 nanosakan 210 ne (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa), a miliyan 8 kuwa 125. Ita ma'ajiya ba ta san an yi sauyi ba, lokacinta na amsawa yana nan. Sai ƙwaƙwalwa ta karanta amsa tun ba ta kammala ba. Idan na'ura ta tsaya cik, da sauƙi. Abin tsoro shi ne ta ci gaba da aiki, alhali lamba ɗaya ta sauya a lissafin albashi. Zafi irin na watan Afrilu kuma ƙara wa sassan nawa yake yi.

Mu masu nazarin halittu mun san irin wannan a zuciya: idan bugunta ya yi tsananin sauri, ba ta samun cika da jini kafin ta matsa.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne sa ƙwaƙwalwa ta dakata bugu ɗaya ko biyu kafin ta karanta, wanda kuma ke cinye wani ɓangare na ribar. Tsofaffin wasanni da aka auna da bugun 4.77 kuwa gudu suka riƙa yi fiye da kima, shi ya sa aka sa wa kwamfutocin baya maɓallin Turbo, domin a iya rage musu sauri.